Tashar Inna

Da safiyar Asabar Injiniya ya fito falo da kofin shayi a hannu, ya ɗauki rimot ya danna lamba ɗaya. Tsakar gidan mahaifiyarsa ya cika talabijin: bishiyar lemo, igiyar shanya, famfo, da ƙofar ɗakin Inna mai labule ruwan ƙasa.

Bai kai ga zama ba labulen ya motsa. Inna ta fito tana dogara sanda, buta a ɗaya hannun. Ta tsaya tsakiyar siminti, ta dubi inda aka kafa kyamara, ta ɗaga butar sama ta girgiza. Alamarsu ke nan. In ta ɗaga buta, ta kwana lafiya.

"Ina kwana, Inna," in ji shi, duk da ya san ba ta jin sa.

Shi ya haɗa abin nan da hannunsa, kuma ba ƙaramin alfahari yake da shi ba. Ƙarƙashin talabijin akwai tsohuwar kwamfuta da ofishinsu ya yar, ya ɗauko ya gyara, ya sa mata suna Rumbu. Cikinta ya zuba fina-finai da karatu da katun ɗin yara, duk wayoyin gidan da talabijin daga can suke ja. Daga baya ya gano ba abin da ke cikinta kaɗai Rumbu ke iya nunawa ba. In ka rubuta adireshin wani bidiyo da ke gudana a wani wuri cikin ɗan ƙaramin fayil, ka jefa shi cikin jerin fina-finai, sai ta ɗauke shi kamar nata, ta jawo shi ta intanet ta ɗora a allo.

Lokacin da hawan jini ya kayar da Inna bara, sun yi juyin duniya ta dawo wurinsa, ta ƙi.

"Gidan da ubanku ya gina? Sai dai a fitar da ni a makara."

Garinta tafiyar sa'o'i ce a mota. Kunnenta ya yi nauyi, waya sai ta yi ta kuka ƙarƙashin matashi ba ta sani ba. Sai Injiniya ya je ya kafa kyamara a tsakar gida, mai batir da farantin hasken rana, ya ɗora eriyar intanet a kan rufi, ya dawo ya rubuta adireshin a fayil. Ya sa masa suna Tashar Inna, ya mai da shi lamba ɗaya. Ya nuna mata ɗan jan hasken da ke goshin kyamarar ya ce, "Muddin kin ga wannan a kunne, muna ganin ki."

Ya kuma buɗe wa yayarsa hanya ta riƙa kallo daga wayarta. Nan ya jawo wa kansa.

Yaya nas ce a wata ƙasa mai nisa, ta daɗe ba ta zo gida ba, kuma rashin zuwan yana cin ta. Intanet ɗin garin Inna kuwa kamar wutar kyandir a iska. Da ya ɗauke, allo ya yi baƙi, sai wayar Injiniya ta ɗauki kuka. Yana taro a ofis ta kira. Yana tuƙi ta kira. Yana sahun salla wayar na rawa a aljihu.

"Injiniyan ƙarya! Ina Inna? Ni baƙi nake gani!"

"Yaya, sabis ne. Zai dawo."

"In ta faɗi fa? In ta faɗi yanzu wa zai sani? Kai kana nan kusa ka kasa riƙe waya ɗaya!"

Ranar da ta kira shi gaban shugaban sashensu har muryarta na fita ta lasifika, ranar ya yanke shawara. Ya sa Rumbu ta riƙa naɗe duk abin da kyamara ta aiko. In hoto ya yanke, maimakon baƙin allo, sai ta ɗauko naɗin ranar ƙarshe da ta samu cikakkiya, ta sa daidai wannan sa'ar. In da safe ne a ga safiya, in da yamma ne a ga inuwar yamma. Da sabis ya dawo sai ta koma kai tsaye, ba wanda zai ga ɗinkin. Agogon da ke kusurwar hoton kuwa ya cire shi, ya ce wa Yaya yana rufe fuskar Inna.

Bai yi abin da ka ba. Ya sa Rumbu ta riƙa aiko masa saƙo duk lokacin da ta koma kan naɗi. Amma saƙon ya riƙa zubowa kamar ruwan sama, ya yanke ya dawo, ya yanke ya dawo, har wayar ta gagari aljihu. Sai ya rufe wa saƙon baki, ya ce zai riƙa leƙawa da kansa. Makonnin farko ya leƙa.

Yaya ta daina kira da faɗa. Har yabonsa ta yi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta shigo falon da tulin takardun jarrabawa ta zube a kujera. Ta kalli talabijin ta yi dariya.

"Abban yara, zauna ka ga ikon Allah. Yanzu kyanwar nan za ta zo."

"Wace kyanwa?"

"Baƙar nan mai farin wuya. Kai fita kake da wuri, ba ka ganin wasan. Tsaya."

Inna ta ajiye kwanon madara a bakin famfo, ta juya tana alwala. Baƙar kyanwa ta diro daga bishiyar lemo, ta sa ƙafa ta ture kwanon. Madara ta malale. Inna ta ɗaga sanda, kyanwar ta haye igiyar shanya ta zamo, ta faɗo da zane a kanta.

Malama ta riƙe ciki. "Ka gani? Jiya ma haka ta yi. Shekaranjiya ma. Har zanen nan sai ta jawo shi. Inna kuma ba ta daddara, kullum nan take ajiye kwanon."

Injiniya ya ajiye kofinsa a hankali.

"Har zanen?"

"Wallahi. Yaya ma ta turo min saƙo tana dariya, wai kyanwar nan ta fi wasu ma'aikatan asibitinsu zuwa aiki kan lokaci."

"Wannan zanen? Mai shuɗin fure?"

Ta dube shi. Dariyar ta tsaya mata a fuska. "Lafiya?"

Ya durƙusa gaban Rumbu, ya jawo madannai, ya buɗe shafin da take rubuta abin da ta yi. Layukan suka zubo, ya bi su da ido zuwa sama, yana neman inda aka ce hoto ya dawo. Babu. Ya ƙara hawa. Babu. Sai can ya ga layin ƙarshe da kyamara ta yi magana: Laraba, bayan azahar.

Tun daga nan, ranar Talata suke kallo.

Ya ɗaga kai ya ga Inna tana ɗauke zanen daga ƙasa tana kakkaɓewa, bakinta na motsi, tana zagin kyanwa.

"Wannan ba yau ba ce," ya ce.

"Kamar yaya ba yau ba?"

Ya gaya mata a gurguje, yana neman makullin mota, yana kiran lambar Inna da ɗaya hannun. Wayar a kashe take. Ya sake kira. A kashe.

Malama ta miƙe tsaye, takardu suka zube ƙasa. "Kana nufin tun Laraba ba wanda ya sa ta a ido? Kuma ka san abin nan yana haka ka yi shiru?"

"Minti biyu yake yi ya dawo! Bai taɓa wuce..."

"Innalillahi. Ni da nake gaishe ta kullum kafin in tafi makaranta. Hoto nake gaisarwa?"

"Ƙila eriya ce kawai. Ƙila tana nan lafiya lau tana ɗaga mana buta ba ma gani."

"To kira Matar Direba ta leƙa."

Ya tsaya da makulli a hannu. Dukansu sun san abin da ke nan.

Matar Direba ita ce maƙwabciyar Inna ta jikin katanga. Kafin kyamara, ba ranar da ba ta shiga da safe, ta share tsakar gida, ta duba ko Inna ta sha magani, su zauna hira. Watan farko da aka kafa kyamara, Yaya ta hango ta ta fito daga kicin da kwano a rufe ƙarƙashin mayafi. Ba ta tambayi Inna ba. Ta nemi lambar matar ta wanke ta tas, ta ce idonsu na kan kowa yanzu. Ashe Inna ce ta ba ta ragowar abinci ta kai wa 'ya'yanta. Tun ranar matar ba ta sake taka gidan ba. Inna ta yi fushi, Yaya ta ce ai ba komai, ga kyamara.

Ya kira duk da haka. Ta yi ta ringin har ta katse. Ya sake, aka katse shi tun ringin na farko.

"Ki yi ta gwadawa da taki," ya ce. "Kada ki gaya wa Yaya komai tukuna."

"Ita ce damuwarka yanzu?"

Ya riga ya kai ƙofa.

Ya fita gari da gudun da bai taɓa yi ba. A shataletale ya kusa kwashe mai babur, mutumin ya bi shi da zagi. Da ya hau babban titi sai ya taka mota, yana ƙirga wa kansa dalilai. Akwai abinci a gidan. Akwai magani, shi ya kai mata. In da wani abu ya faru da an ji, gari ne, ba daji ba. Sai ya tuna ƙofar ƙarfen da ya sa aka yi mata mai sakata biyu ta ciki, da katangar da ya ƙara wa tsawo ya ɗora waya mai ƙaya. Ya tuna gidan shi ne na ƙarshe a layin, bayansa fili, gefe guda kuma injin niƙa da ke ruri tun safe har yamma.

Ya tuna kuma rabonsa da jin muryarta. Da can duk bayan kwana biyu yakan kira, ya yi ta ihu a waya har ta gane shi ne. Da tashar ta zo sai kiran ya ja baya. Me za ka tambaya, ga mutum kana gani?

Bayan rabin hanya ya fara ganin ɓarna. Allon talla ya kife a gona, sandunan wuta biyu sun jingina da juna, ruwa kwance a gefen titi. A wata gada ya tarar da layin motoci, bishiya ta faɗo ta tare rabin hanya, ana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙo ya tambayi wani mai sarar reshe da adda.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Laraba, maigida. Iska ce da ruwa kamar tashin duniya. Ba ku samu ba a wajenku?"

Ba su samu ba. Ranar Laraba da yamma ya dawo aiki ya tarar da Inna a talabijin tana ninke kaya cikin rana tas.

Yana ƙetare gadar wayarsa ta yi ƙara. Matar Direba ce.

"Matarka ta turo min murya tana kuka," ta ce, ba sallama. "Ina kasuwa, na bar kayana na taho. Ga ni a ƙofar. Na buga har hannuna ya yi ciwo."

"Ba ta amsa ba?"

"A kulle take ta ciki."

"Baaba, don Allah, yaushe rabonki da ita?"

"Ni? Ai ku ke da ido a gidan. Ku aka ce kuna ganin har abin da ke ƙarƙashin mayafin mutum." Muryarta ta karye. "Tun ruwan nan ban ji ƙarar famfonta ba. Na ce ko kun zo kun ɗauke ta ne. Shekaranjiya na ji wani abu kamar kukan kyanwa ta bayan katanga, na ce kyanwar ce."

Injiniya ya ji hannunsa ya saki sitiyari, motar ta ci gefe, ya fizgo ta.

"A fasa ƙofar. Ko wa za a samu, a fasa."

"Ƙofar da ka sa? Da me? Na aika a kira mai walda. Sai ya nemo janareta, babu wuta tun ranar."

Sauran hanyar bai san yadda ya yi ta ba.

Da ya shigo layin ya hango mutane cirko-cirko a ƙofar gidan, janareta na ruri, tartsatsin wuta na tashi. Eriyar da ya ɗora a kan rufi tana reto a jikin katanga, wayarta a tsinke. Ya bar mota a buɗe ya kutsa. Mai walda ya yanke sakatar sama, yana kan ta ƙasa. Matar Direba na tsaye gefe, ta cusa bakin mayafi a baki. Ba ta dube shi ba.

Ƙarfen ya saki. Ya bangaje ƙofar da kafaɗa, zafinta ya ƙone masa riga, ya ratsa zaure ya faɗa tsakar gida.

Ba tsakar gidan da ya bari a talabijin ba ne. Reshen lemo ya karye ya danne igiyar shanya. Ganye da laka sun rufe siminti. Sandar Inna na yashe a bakin kicin, kusa da zaure, inda ruwa ya kwanta ya yi gansakuka. Daga nan wata doguwar shaida ta ja cikin lakar, irin ta abin da aka ja a ƙasa. Ba ƙofar waje ta nufa ba, wadda ke nan kusa. Ta ratsa tsakar gidan gaba ɗaya, ta kewaye reshen, ta tsaya a tsakiyar siminti.

Nan Inna take, kwance a gefe ɗaya, fuskarta na kallon sama wajen kyamara. Buta na rungume a ƙirjinta. A goshin kyamarar, ɗan jan hasken na nan a kunne.

"Inna!"

Ya zube a gabanta. Ƙafarta ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Leɓunanta sun tsage, ƙudaje na bin gefen idonta. Ya sa kunne a bakinta. Akwai numfashi, siriri kamar zare.

"Tana da rai! Ruwa! A kawo ruwa!"

Matar Direba ta riga ta iso. Ta ture shi gefe, ta cire mayafinta ta rufe wa Inna jiki, ta ce wa mazan da suka biyo su su koma zaure. Ta jiƙa bakin zane tana ɗiga mata a leɓe. Ta zare butar daga hannunta da ƙyar, ta girgiza. Ko ɗigo babu.

Idon Inna ya buɗe. Ya yi yawo, ya sauka a kansa.

"Auta."

"Ga ni, Inna. Ga ni na zo."

"Ka daɗe." Sai da ya kai kunne ya ji sauran. "Na yi ta ɗagawa. Na ce ko kuna aiki ne."

"Inna, me ya sa ba ki nufi ƙofa ba? Ga ƙofa nan kusa, da an ji ki."

Ta ɗan motsa yatsa wajen kyamara. "Wutar na kunne. Ka ce in tana kunne..."

Numfashi ya ƙwace mata. Matar Direba ta ɗago ta dube shi karon farko, ta mai da kai.

Wayarsa ta ɗauki kuka a aljihu. Ya ciro don ya kashe, ya ga Yaya ce, yatsansa ya zame ya amsa. Muryarta ta fito a sake, da alamar tana cin wani abu.

"Injiniya, yanzu na sauka daga aiki. Kai, tsohuwar nan tamu ba ta gajiya. Ga ta can tana ninke kaya, ka ce mata ta zauna ta huta mana. Ka ga rigar nan da na aiko mata? Ta shanya ta, wai ba za ta sa ba, ga shi har ta..." Ta tsaya. "Hayaniyar me nake ji? Kana ina?"

"Ina gidan Inna."

"Wane gidan Inna? Ga tsakar gidan nan ina kallo, ba kowa sai ita."

"Yaya, abin da kike kallo Talata ce."

Ya ji ta ajiye cokali.

"Ban gane ba."

"Zan kira ki. Za mu asibiti."

"Kada ka kashe min waya! Wace Talata? Me ka yi? Auta, me ka yi?"

Ya kashe.

Suka ciro ƙyauren kicin suka ɗora ta a kai, don mai walda ya ce kada a naɗe ƙafar. Da aka ɗaga ta ta yi wata 'yar ƙara, irin wadda Matar Direba ta ji ta bayan katanga. Aka kwantar da kujerun mota aka zura ƙyauren. Matar Direba ta shiga baya ta tallafe kan Inna a cinyarta, ba wanda ya roƙe ta.

Asibitin garin yana ɗaya gefen kasuwa, kuma ranar kasuwa ce. Ya danna hon bai ɗaga hannu ba. Masu kaya na jan buhuna daga hanya suna zaginsa, wani ya leƙa ta taga ya gani, ya shiga gaba da gudu yana kora mutane. Ta madubi yana ganin Matar Direba ta sunkuya tana magana a kunnen Inna.

"Ki yi haƙuri, Inna. Fushi ne ya hana ni. Da na leƙo ko sau ɗaya."

Bakin Inna ya motsa.

"Me ta ce?" Injiniya ya tambaya. "Baaba, me ta ce?"

"Ta ce a ba kyanwa madara."

Ya yi wata dariya da ba ta yi kama da dariya ba. Ya ce madara har kwano goma, Inna, ki dai riƙe, ga asibitin can. Ya ci gaba da magana, yana gaya mata ɗakin da zai gyara mata a gidansa, da yadda yara za su dame ta, da cewa wannan karon ko ta ƙi sai ya ɗauke ta. Ya shiga ƙofar asibiti yana magana. Sai da ya ja birki ya juyo ya ga Matar Direba ta ja mayafin ta rufe fuskar.

"Tun wajen masu tumatir," ta ce. "Ban so in faɗa maka kana tuƙi ba."

Likita ya duba duk da haka, ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, amma ba shi ya kashe ta ba. Ƙishirwa ce da rashin maganinta. Ya tambaya ita kaɗai take zaune? Injiniya ya ce e. Likitan ya ce ba mai leƙa ta?

Aka yi mata sutura kafin rana ta faɗi. Malama ta iso a motar haya ana dawowa daga maƙabarta. Yaya ba ta samu jirgi ba. Ya gaya mata komai a waya, yana tsaye a zaure kusa da yankakkiyar ƙofa: naɗin, agogon da ya cire, saƙon da ya rufe wa baki. Ya jira ta zage shi. Ya so ta zage shi. Sai can ta ce, "Saboda ni ka yi," ta ajiye wayar.

Bayan an tashi daga zaman makoki suka kulle gidan da sabon kwaɗo. Matar Direba ta ɗauki kyanwar. Ya hau tsani ya kwance kyamarar, jan hasken bai mutu ba sai da ya zare batir.

Sun iso gida da hantsi. Yara na wurin ƙanwar Malama, falon shiru, takardun jarrabawa na nan zube inda suka faɗi, kofin shayinsa ya yi fumfuna. Ba wanda ya kashe talabijin ranar da suka fita.

Inna na zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar lemo, reshen bai karye ba. Tana tsefe bakin wani tsohon zane, tana korar ƙuda da gefen hannu.

Malama ta juya baya ta dafa bango. "Kashe shi. Don girman Allah kashe shi."

Ya durƙusa gaban Rumbu. Fayil ɗin na nan cikin jerin fina-finai, tsakanin katun ɗin yara da wani wasan dariya, layi ɗaya tak a cikinsa, adireshin kyamarar da ke cikin but ɗin motarsa. Ya ɗora yatsa a kan madannin gogewa.

Wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, karon farko tun ranar. Muryarta ta dishe.

"Kana gida?"

"Yanzu muka shigo."

"Na ga hoton ya ɗan tsaya. Kai ne kake taɓawa?"

"Zan cire shi, Yaya."

"Kada ka cire."

"Ba ita ba ce. Kin san ba ita ba ce. Talata ce kawai take ta zagayowa."

"Na sani. Na san lokacin da take fitowa, na san lokacin da kyanwar ke zuwa. Na san da la'asar za ta ɗaga rigar nan ta duba ta yi murmushi, ta ɗauka ba mai ganin ta." Ta ja hanci. "Kai ka ga fuskarta, ka sa ta a rami da hannunka. Ni wannan kaɗai gare ni. Ka bar min."

Ya dubi Malama. Ta girgiza kai, hawaye na zuba, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Ya janye yatsansa. Ya zare wayar da ta haɗa Rumbu da talabijin ɗin falo, allon ya yi baƙi. Kwamfutar kuwa ya bar ta a kunne, fankarta na juyawa a hankali, tana aika Talata zuwa wata ƙasa.

"Ya dawo?" ya tambaya.

"Ya dawo," in ji Yaya. "Ga ta nan ta miƙe. Za ta ɗebo ruwa."